Awon Ciki Ba Ya Riskar Makonni Huɗun da Ake Gina Ƙwaƙwalwa

Duk macen da ta je awo ta san 'yar ƙaramar ƙwayar nan mai ruwan ɗorawa da ake haɗa mata da maganin ƙarin jini, wato folik asid. Ƙwaya ce mai amfani, ba wanda zai ce a daina ba da ita. Sai dai babban aikin da aka san ta da shi, na kare jariri daga a haife shi da buɗaɗɗen gadon baya ko da kai marar ƙwaƙwalwa, lokacinsa yana ƙarewa ne a rana ta 28 da shigar ciki. A wannan rana yawancin mata ba su wuce zargin ɓatan wata ba, kwana goma sha huɗu ke nan kacal da ranar da suke sa ran ganin al'ada. Wadda ta zo awo da cikin wata huɗu, kamar yadda aka saba a garuruwanmu, balle 'yar fari da kunya ta hana ta faɗa wa kowa, ta makara da wata uku. Ra'ayina shi ne muddin asibitin awo ne ƙofar da muka dogara da ita wajen wannan kariya, to ihu bayan hari muke yi, kuma dalilin yana cikin yadda ƙwayoyin gado suke gina ƙwaƙwalwa.

A mako na uku ɗan tayin mutum faifai ne shimfiɗaɗɗe, bai fi ƙwayar riɗi ba, mai hawa uku. Hawan sama shi zai ba da fata, shi kuma zai ba da ƙwaƙwalwa da laka. Kowace ƙwayar halitta a faifan tana ɗauke da DNA, wato zaren da ke riƙe da bayanan gado, iri ɗaya da na 'yar'uwarta, ƙwayoyin gado kusan 20,000. Abin da ya bambanta su shi ne waɗanne aka kunna, waɗanne aka kashe, kuma a wace rana. To wa ke gaya wa wani sashe ya zama ƙwaƙwalwa, na gefensa ya zama fata?

Amsar ta fara fitowa a 1924 a Jami'ar Freiburg ta Jamus. Hilde Mangold, ɗalibar Hans Spemann, ta yi amfani da allurar gilashi da silin gashi ta yanko ɗan tsiririn nama daga bayan tayin wata dabba mai jela dangin kwaɗo, ta dasa a cikin wani tayin, a ɓangaren da zai zama tumbi. Tayin ya fito da gadon baya biyu, da bututun laka biyu. Da yake ta haɗa jinsi mai haske da mai duhu, sai aka ga yawancin sabon ginin da naman mai masauki aka yi shi. Ke nan ɗan naman da aka dasa ba tubali ba ne, magini ne mai ba da umarni. Spemann ya karɓi kyautar Nobel a 1935. Ita Mangold ta rasu a wata gobara a gida a shekarar da aka buga aikin.

An shafe kusan shekara saba'in ana neman wannan umarni. A 1992 aka gano furotin ɗin da aka sa wa suna noggin, a 1994 aka gano chordin, duka a tayin kwaɗo. Abin da ya ba masana mamaki shi ne ba sa cewa "zama ƙwaƙwalwa". Akwai wani saƙo, BMP, da ke yawo a hawan sama yana cewa kowa ya zama fata. Aikin noggin da chordin shi ne su kama BMP su riƙe. Inda suka riƙe shi, wurin ya zama shimfiɗar jijiya. A mutum wannan shimfiɗa tana bayyana wajen rana ta 18.

Daga nan sai naɗi. Gefunan shimfiɗar biyu suna ɗagowa kamar an kama tabarma ta hagu da dama, su haɗu a sama su zama bututu. Haɗuwar farko tana faruwa wajen rana ta 22, a daidai inda wuya zai kasance, sannan ɗinkin ya nufi sama ya nufi ƙasa, kamar mai ɗinkin buhu da ya fara daga tsakiya. Bakin sama yana rufewa wajen rana ta 25, na ƙasa wajen rana ta 27 ko 28. Kafin hakan ta yiwu sai abubuwa da dama sun zo daidai a lokaci guda. Ƙwayoyin halitta su kutsa tsakanin juna domin shimfiɗar ta tsuke ta yi tsawo, aikin da ƙwayar gado Vangl2 ke jagoranta. In ta samu matsala shimfiɗar ta yi faɗi, gefunan su kasa riskar juna. Waɗanda ke kan layin lanƙwasa su tsuke kawunansu kamar tsinin fartanya. Kuma duka su riƙa rabuwa biyu cikin sauri don a samu isasshen kayan aiki. A ɓeraye an lissafa ƙwayoyin gado sama da 200 da in ɗaya ta lalace bututun ba ya rufewa.

In bakin sama ne ya ƙi rufewa, ruwan mahaifa yana cinye ƙwaƙwalwar da ke waje, a haifi jariri ba ƙoƙon kai, ba ya kuma rayuwa. In na ƙasa ne, sai a ga ƙullutu ko buɗaɗɗen wuri a gadon baya, ƙafafu su shanye gwargwadon tsayin wurin, riƙe fitsari da bayan gida ya gagara, kuma mafi yawan irin waɗannan yara ruwa yana taruwa musu a ka har kan ya yi girma.

Wanda yake son ya gani da idonsa ba sai ya je Turai ba. A sa ƙwan kaza mai zakara a injin ƙyanƙyasa a zafin digiri 38, bayan kwana ɗaya da rabi zuwa biyu a fasa ɗan taga a ɓawon, a duba da gilashin ƙara girma. Za a ga siririn bututu a kan ƙwanduwa, da kumburi uku a kansa, su ne ƙwaƙwalwar gaba da ta tsakiya da ta baya, zuciya kuma ta soma bugawa. Ban ga dalilin da zai hana kowace sakandare mai ɗakin gwaji ta nuna wa ɗalibanta wannan ba. Yarinyar da ta taɓa ganinsa ba sai an yi mata dogon bayani a kan makara ba.

Rufe bututun rabin aiki ne, saura a raba shi unguwa-unguwa. Daga kai zuwa jela, akwai ƙwayoyin gado da kowace ke da iyakarta. Otx2 ce ke riƙe da gaba: ɓeran da aka cire masa ita ba ya yin ƙwaƙwalwar gaba da ta tsakiya sam. Daga ƙwaƙwalwar baya zuwa ƙarshen laka kuwa ƙwayoyin Hox ne, guda 39 a mutum, a rukuni huɗu, kuma jerinsu a kan zaren DNA ya yi daidai da jerin wuraren da suke mulki a jiki. A ɗan ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro aka fara gano su, shi yana da takwas, kuma aikin ƙudan ne ya kai Edward Lewis da Christiane Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus ga kyautar Nobel a 1995. A shekarar, a ɗakin binciken Walter Gehring a Basel, an ɗauki Pax6 ta ɓera, mai ba da umarnin fara ido, aka kunna ta a jikin ƙuda, ido irin na ƙuda ya tsiro a wurin. Shi ya sa ba raini ba ne a ce an koyi ginin ƙwaƙwalwar ɗan Adam daga ƙuda da kwaɗo da kaza. Kayan aikin ɗaya ne, kuma ba wanda zai yarda a yi irin wannan gwaji a tayin mutum.

Daga ɓangaren tumbi zuwa ɓangaren baya kuma wata dabara ce. Akwai siririyar sanda a ƙarƙashin bututun da ke fitar da furotin mai suna Sonic hedgehog. Kamar hayaƙin turaren wuta ne: kusa da kasko ya yi kauri, nesa ya yi sauƙi. Kowace ƙwayar halitta tana auna kaurin da ya iso ta, da tsawon lokacin da ta shaƙa, ta san ko jijiyar motsa tsoka za ta zama ko wata. Wannan saƙon ne kuma yake raba ƙwaƙwalwar gaba gida biyu, yake raba filin ido ɗaya ya zama idanu biyu.

A nan ne labarin tumakin jihar Idaho ta Amurka ya shigo. A shekarun 1950 makiyaya suka riƙa ganin tumakinsu suna haifar 'ya'ya masu ido ɗaya a tsakar goshi. Ba gado ba ne, raguna da tumakin lafiyarsu ƙalau. Bayan shekaru ana bincike aka gano wata ciyawa ce ta kan tsaunuka, Veratrum californicum, kuma sai tunkiya ta ci ta wajen rana ta 14 da barbara sannan abin ke faruwa. In ta ci bayan lokacin ya wuce, wannan lahani ba ya aukuwa. Daga baya aka fahimci sinadarin ciyawar yana toshe hanyar da ƙwayoyin halitta ke jin saƙon Sonic hedgehog. Ƙwayoyin gadon suna nan lafiya, an dai toshe musu kunne ne a ranar da ake magana da su. Haka maganin ƙurajen fuska isotretinoin yake yi a mutum: dangin sinadarin bitamin A ne da tayi ke amfani da shi wajen shata iyakokin Hox, in ya yi yawa iyakokin su rikice, a samu lahani a ƙwaƙwalwar baya da kunne da zuciya.

Mutane kan ce, in abu na gado ne me ƙwayar magani za ta yi masa? Akwai wani jinsin ɓera mai lalatacciyar ƙwayar gado Pax3, wanda 'ya'yansa ke zuwa da buɗaɗɗen baya. Da aka ƙara musu folik asid, adadin masu lahanin ya ragu, alhali ƙwayar gadon ba ta gyaru ba. Folik asid shi ne ke miƙa ƙananan gutsattsarin kabon da ake haɗa tubalan DNA da su, yana kuma da hannu a alamomin da ake liƙa wa DNA don kunna ƙwayar gado ko kashe ta. Ƙwayar halittar da za ta rabu biyu sai ta kwafe DNA ɗinta duka. In kayan kwafi suka yi ƙaranci a makon da ake naɗin bututu, tayin da gadonsa ke da ɗan rauni shi zai fara gazawa. Rauni daga gado, ƙaranci daga abinci, su haɗu a mako guda.

A mutane ma an gwada. Binciken Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya da aka fitar a 1991 ya ba matan da suka taɓa haihuwar irin wannan jariri miligiram 4 a kullum, maimaituwar ta ragu da kashi 72 cikin ɗari. A 1992 gwajin Hangari ya nuna kariya ga waɗanda ba su taɓa samu ba. Amma da aka tsaya a kan shawara, wato a ce mata su riƙa sha kafin ciki, ba a ga wani canji mai yawa ba, domin ciki da yawa ba shirya masa ake yi ba. Sai ƙasashe suka koma zuba shi a gari. Amurka da Kanada sun wajabta a 1998, a Kanada lahanin ya ragu da kusan rabi. Afirka ta Kudu ta fara a 2003 da garin masara da fulawa, ya ragu da kusan kashi 30. A watan Mayun 2023 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri yana kiran ƙasashe su bi wannan hanya.

Nijeriya ba ta zauna ba, ƙa'idarta ta wajabta wa manyan masana'antun fulawa da garin masara su ƙara sinadarai, har da folik asid. Amma a tambayi kowace uwar gida a Bichi ko Illela ko Tasawa daga ina garin tuwonta yake fitowa. Daga rumbu ko kasuwar hatsi, a surfa, a wanke, a kai injin niƙa na bakin layi. Gero da dawa da masarar da talaka ke ci ba sa bi ta ƙofar wata masana'anta. Dokar fulawa tana riskar mai cin burodi da taliya kullum ne, wanda galibi shi ne mai hali a birni. Tsarin da ya yi wa Kanada aiki, inda kusan kowa daga 'yan kamfanoni kaɗan yake cin gari, ba zai yi mana aiki haka kawai don an kwafo shi a takarda ba.

Abin da ke shiga kowace tukunya, ta mai kuɗi da ta talaka, gishiri ne da dunƙulen magi. A 2024 hukumomi sun fitar da ƙa'idar ƙara sinadarin ƙarfe da zinc da folik asid da bitamin B12 a dunƙulen, amma bisa ganin dama. Ina ganin ya kamata a wajabta, a kuma riƙa ɗaukar samfuri daga kasuwa ana aunawa, ba daga hannun kamfani ba. Masu adawa suna cewa dunƙulen gishiri ne ya fi yawa a cikinsa, hawan jini kuma ya yi mana katutu. Gaskiya suka faɗa. Maganin wannan shi ne a hana tallata shi da sunan lafiya, a kuma tilasta rage gishirin, tunda ko an ƙara ko ba a ƙara ba mutane suna jefa shi a miya. Haɗa B12 a ciki kuma ya amsa tsohon ƙorafin likitoci, cewa folik asid shi kaɗai yana iya ɓoye alamar ƙarancin B12 a jini alhali jijiyoyi suna lalacewa.

Akwai wata ƙofa da muke da ita wadda Turawa ba su da ita. A wurinmu yawancin cikin fari yana biyo bayan ranar da kowa ya sani, ranar ɗaurin aure, kuma ana sa ta makonni ko watanni kafin ta zo. Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a 2024, kuma ko inda ba doka iyaye da yawa suna neman takardar gwajin jini. Amaryar da ta zo a ɗebi jininta tana zaune a gaban ma'aikacin lafiya a daidai lokacin da ake buƙata. Folik asid yana ɗaukar makonni kafin ya taru a jini ya kai matakin kariya, don haka ake so a fara aƙalla wata ɗaya kafin ciki, wata uku ya fi, a ci gaba har ciki ya kai mako 12. Me zai hana a miƙa mata na wata shida tare da takardar sakamako? Tun ran gini ran zane. Haka mai jego da ta kawo yaro rigakafi ko ta zo cire robar tazarar haihuwa, ita ma cikin gaba take fuskanta.

Sai batun awo na ƙwayar kanta, inda ake yawan kuskure. Adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace ta sha shi ne maikirogiram 400, wato miligiram 0.4, a rana. Wadda ta cika kemis-kemis ɗinmu ta miligiram 5 ce, ninki goma sha biyu da rabi. Babbar tana da masu ita: wadda ta taɓa haihuwar jariri mai wannan lahani, mai ciwon suga, mai shan maganin farfaɗiya, da mai sikila da dama can tana sha. Ga sauran mata kuwa akwai illa da ba a cika faɗa ba. Fansida da ake ba masu ciki daga wata na huɗu don kariya daga zazzaɓin cizon sauro, aikinta shi ne hana ƙwayar cutar sarrafa irin wannan sinadari. Miligiram 5 a kullum yana raunana ta, 0.4 ba ya yi. Ke nan asibitin da ya ba mai cikin wata biyar babbar ƙwaya tare da Fansida bai kare gadon bayan jariri ba, don lokaci ya wuce, ya kuma rage wa uwar garkuwa. Ya kamata masu sayen magani na jihohi su nemo ƙaramar.

Ganye yana taimakawa. Zogale da alayyafo da rama da wake da gyaɗa duk suna da shi. Amma zafi yana lalata shi, yana kuma narkewa a ruwa, don haka doguwar dahuwa da zubar da ruwan tafasa suna tafiya da kaso mai yawa. Da wuya abinci kaɗai ya kai mace matakin kariya.

Ba kuma kowane lahani folik asid ke tarewa ba, ya kamata a faɗi wannan don kada a yi wa mutane alƙawarin ƙarya. Maganin farfaɗiya sodium valproate yana jawo buɗaɗɗen baya ga jariri ɗaya zuwa biyu cikin ɗari, wani babban lahani na jiki ga kusan ɗaya cikin goma, da matsalar koyo ga kashi 30 zuwa 40. Budurwar da ke kansa ta ga likita kafin aure a duba yiwuwar sauya mata, misali zuwa lamotrigine ko levetiracetam, kada kuma ta daina da kanta, domin faɗuwa da ciki hatsari ne ga rai biyu. Sugan da ba a saita ba a makonnin farko yana danne aikin Pax3, an nuna hakan a ɓeraye, shi ya sa mai ciwon suga take buƙatar daidaita shi tun kafin ciki. Zazzaɓi mai zafi a wata na farko yana ƙara hatsarin, a sauke shi da farasitamol a nemi musabbabinsa. Septrin, da ake saya ba takarda don tari ko ciwon mara, yana cikin masu hana sarrafa folik asid. Masarar da ta yi fumfuna tana iya ɗaukar gubar fumonisin mai hana sinadarin shiga ƙwayar halitta, an kuma alaƙanta ta da yawaitar jarirai marasa ƙoƙon kai a kan iyakar Texas da Meziko a farkon shekarun 1990. A busar da masara sosai kafin a zuba a buhu, a tsince ruɓaɓɓiya kafin niƙa.

In an riga an haifi jaririn, a daina tambayar uwar ina ta bi da magariba ko me ta tsallake. Abin ya faru ne tun kafin ta san tana da ciki. A kwantar da shi rubda ciki ko a gefe, a rufe wurin da tsaftataccen bandeji mai danshin ruwan gishirin asibiti, kada a shafa komai, a kai shi asibitin koyarwa inda akwai likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. Ana son a rufe bayan cikin kwana biyu zuwa uku, kafin ƙwayoyin cuta su bi ta wurin su hau ka. Sannan a riƙa auna zagayen kansa, don in ruwa ya fara taruwa a sa masa robar da ke janye shi zuwa ciki, a kuma koya wa uwar fitar masa da fitsari da 'yar roba don kare ƙodarsa. Yara da yawa da aka yi wa haka suna zuwa makaranta suna karatu.

Uwar kuma hatsarin maimaituwa a cikinta na gaba ya kai wajen kashi uku cikin ɗari, ninki da yawa na sauran mata, kuma a kan irinta aka yi binciken 1991. Bai kamata a sallame ta daga ɗakin haihuwa ba sai an rubuta mata miligiram 5, an gaya mata a gaban mijinta cewa za ta fara sha wata uku kafin ta sake neman ciki.